Ina fin abokin wasana da soja amma kullum kunnen doki muke tashi a ces, ina matsalar take?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Don Allah taimako nake nema a kan wasan ces. Na ɗan jima ina bugawa a waya da kuma majalisarmu bayan la'asar, farkon wasa ba ni da matsala sosai, tsakiya ma ina taɓukawa, sau da yawa har ina fin mutum da soja ɗaya ko biyu, amma da zarar manyan kaya sun ƙare allo ya yi fili sai kaina ya kulle. Shekaranjiya ya rage sarkina a e1 da sojana a e2, shi kuma sarkinsa kaɗai a e8, ni ke da wasa, na tura sojan e4 na yi ta tura shi, ƙarshe sai sitalmet, wato sarkinsa ba a cek yake ba kuma ba shi da gidan takawa, aka tashi canjaras. Yayanmu da ya koya mana ya ce sarki ba a fito da shi fagen fama, a lungu ake barinsa har a tashi, ya kuma ce in sarki ya rage shi kaɗai taku 16 ake ƙirgawa in ba a kama shi ba an yi canjaras. Akwai gasa a makarantarmu wata mai zuwa kuma na riga na ba da sunana, wallahi abin har barci yake hana ni. Daga wani ɗalibi.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka kwantar da hankalinka, wata guda ya isa ka gyara wannan in dai za ka zauna da allo. Wasan nan na shekaranjiya naka ne, ci ne tsaf, kuma a takun farko ka zubar da shi. Ba a ƙarshe ba, a e4 ɗin nan.

Ɗauko allo ka jera su yadda ka faɗa (harafi, a zuwa h, shi ne layi a tsaye, lamba, 1 zuwa 8, ita ce sahu a kwance). Maimakon soja, ka ɗaga sarki zuwa d2. Ya zo e7, ka je e3, ya zo e6, ka je e4. Yanzu sarakunan biyu suna kallon juna gida ɗaya ne tsakaninsu kuma shi ke da wasa, dole ya kauce. In ya je d6 ka shige f5, in ya je f6 ka shige d5, haka za ka yi ta matsa shi baya, sojanka kuma yana nan e2 ko motsi bai yi ba sai hanya ta gama buɗewa. Wanda ka buga kuwa, e4, sai ya zo e7, e6, ya tsaya a gaban sojan, kai sarkinka yana baya yana haki, kuma daga nan duk wanda ya san abin da yake yi ba za ka ci shi ba ko za ku kwana a wurin.

Yayanku Allah ya saka masa da alheri da ya ɗora ku a kan wasan, amma maganar ɓoye sarki ɗin nan ba daidai ba ce, kuma ita ce cutar da nake fama da ita a wajen masu koyo kusan kullum, yaro ya buga wasa mai kyau na tsawon awa guda sannan ya zauna yana kallon sarkinsa a g1 kamar an ɗaure shi. Ana ɓoye sarki ne saboda dalili, dalilin shi ne sarauniya da ruk biyu (masu kama da hasumiya) da sauran kaya suna yawo a allo suna iya haɗuwa su kama shi. To in sarauniyoyi sun fita, ya rage ruk ɗai-ɗai ko doki ko ma sojoji zalla, wa zai kama shi? Babu. Tsoron da ya sa aka ɓoye shi ya tafi, sai al'adar ta rage. A wannan lokacin sarki yana daga cikin kaya mafi ƙarfi da kake da su, masana da yawa suna kimanta ƙarfinsa a faɗa da kusan soja 4, wato ya ɗan ɗara doki ko bishof. Ka ga duk wanda ya bar shi a lungu da hannunsa ya ajiye kaya guda a gefe yana wasa da ragowar, sannan ya zo yana cewa ba shi da sa'a.

Kuma shi soja ba ya komawa baya, wannan mutane suke mantawa. Duk takun da ka yi da shi ya tafi kenan har abada. Tura shi gaba shi kaɗai tamkar ka aiki ƙaramin yaro ya tsallaka babban titi ne kai kana tsaye a ƙofar gida, babba ne ke shiga gaba ya tsare hanya yaron ya biyo. Bari in nuna maka yadda taku ɗaya ke da tsada. Sarkinka a e5, nasa a e7, sojanka a e4, kai ke da wasa. Canjaras ne, ka je d5 ya je d7, ka je f5 ya je f7, ba inda za ka. Amma mayar da sojan e3 ka bar komai yadda yake, ci ne, domin kana da takun ajiya, ka tura e4 ka miƙa masa wasa, shi kuma dole ya kauce ka shige d6 ko f6. Bambancin ci da canjaras gida ɗaya ne da ka ƙi gaggawar takawa. Shi ya sa nake jin zafi in na ga yaro yana tura soja don kawai bai san abin da zai buga ba, in ba ka san abin yi ba ka matso da sarkinka tsakiya, sau tari shi ne daidai.

Abin da za ka riƙe shi ne, in sojanka bai wuce sahu na 4 ba, gidaje uku da ke sahu biyu a gabansa su ne maƙura, sojan e4 nasa su ne d6, e6, f6, duk lokacin da sarkinka ya taka ɗaya daga ciki magana ta ƙare. In kuma sarkinka ya hau sahu na 6 a gaban sojan, misali sarki e6, soja e5, nasa e8, ko wa ke da wasa ka ci. Ka je d6, ya je d8, soja e6, ya koma e8, soja e7, dole ya fita f7, ka shiga d7, sai sojan ya kai sahun ƙarshe ya zama sarauniya. Lura da yadda sojan ya shiga sahu na 7 shiru ba tare da cek ba, wato bai kai wa sarki hari ba. In ya shiga da cek to yawanci sitalmet ɗin nan da ya same ka ne ke tafe. Wannan kuma ya zame maka makami ranar da kai ne a ƙasa: ka tsaya a gaban sojansa, in ya tilasta ka ja da baya ka ja miƙe a kan layin sojan, kada ka ja a karkace. Sojansa e6, sarkinsa d5, kai kana e7, gida ɗaya ne, e8. Ka kuskura ka je d8 ya zo d6 shi kenan.

Har yanzu in kana shakkar abin da sarki ke iyawa, jera wannan, Richard Reti ne ya fitar da shi a 1921. Farin sarki h8, farin soja c6, baƙin sarki a6, baƙin soja h5, fari ke da wasa. Duk wanda ya kalla zai ce fari ya mutu, ba zai kamo sojan h ba kuma nasa sojan yana bakin cinyewa. Amma sarki g7, soja h4, sarki f6, baƙin sarki b6, sarki e5. Yanzu in baƙi ya ci c6 farin sarki ya faɗa f4 ya kamo sojan, in kuma ya ci gaba da gudu h3 farin sarki ya je d6 ya raka nasa, kowa ya samu sarauniya. Tafiya a karkace ba ta fi tafiya a miƙe yawan taku ba a kan allo, shi ya sa sarki ke iya bin buri biyu a lokaci guda. Wanda aka ce masa sarki na lungu ne ba zai taɓa ganin wannan ba, miƙa hannu zai yi ya tashi.

Sauran abubuwan ba za su ba ka wahala ba. Don sanin ko sarki zai kamo soja mai gudu ba sai ka yi ta ƙirga da yatsa ba, zana murabba'i a ranka daga inda sojan yake zuwa sahun ƙarshe, soja a a4 murabba'insa ya kai e4 da e8, in sarkin ya iya shiga ciki a takunsa ya kama shi, in bai iya ba ya tsere. Ka dai tuna sojan da bai taɓa motsi ba yana iya tafiya gida biyu a taku ɗaya. Sojan gefe, na layin a ko h, shi ne ba ya bin ƙa'idar da na faɗa a sama, in sarkin abokin wasanka ya riga ka isa kusurwa canjaras ne, har ma in kana da bishof a kai muddin ba kalar gidan kusurwar yake bi ba, sojan h da bishof mai bin fararen gidaje ba sa fitar da sarki daga h8. Don haka kafin ka yi musayar kayanka na ƙarshe ka tsaya ka duba wane soja ne zai rage maka. In kana sama ka yi musayar manyan kaya ka adana sojoji, in kana ƙasa ka yi ta rage sojoji, domin doki ɗaya ko bishof ɗaya ba ya cekmet, wato kama sarki, dawaki biyu ma ba sa iya tilastawa.

A gasa abin da za ka fi haɗuwa da shi ƙarshen ruk ne. Ruk ɗinka ya zauna a bayan soja mai gudu, naka ne ko nasa, wannan ita ce ƙa'idar Tarrasch, kuma kada ka bar shi ya zama mai gadi yana zaune wuri ɗaya, gara ka ba da soja ruk ɗin ya samu yawo. Sai tsari biyu da dole ka nema ka haddace, na Philidor da na Lucena. Na farko na kare kai ne, sarkinka a gaban sojan, ruk ɗinka a sahu na uku daga ɓangarenka yana hana sarkinsa matsowa, yana tura sojan zuwa wannan sahun sai ka gangara can ƙarshen allo ka yi ta ba shi cek ta baya, ba shi da maɓoya. Na biyu na ci ne, sarkinka ya maƙale a gaban sojanka da ke sahu na 7, ka kori sarkinsa da cek, ka kai ruk sahu na 4, ka fito da sarki, in cek ya yi yawa ka tare da ruk ɗin.

Maganar ƙirga 16 kuwa babu ita a dokar ces, ban damu da ko mutum nawa ne suka faɗa maka ba. Wani wurin ma za ka ji an ce 21, kowace majalisa da nata, kuma yawanci wanda aka kusa kamawa ne ke tuno da ita. Dokar FIDE, hukumar ces ta duniya, taku 50 ce ga kowane ɓangare ba tare da an ci wani abu ko an motsa soja ba, sannan mutum ya nemi canjaras, in ta kai 75 alƙalin wasa ya tsayar da kansa. Sarki da sarauniya suna kama sarki cikin taku 10 ko ƙasa da haka in an buga daidai, sarki da ruk cikin 16, bishof da doki kuwa har 33 suna kaiwa, to ta yaya za a yanke wa mutum 16? Illar wannan ƙaryar ita ce tana koya wa yara gaggawa a daidai inda ake buƙatar natsuwa, suna ƙirge-ƙirge suna jefa sarauniya kusa da sarki har su yi sitalmet. Carlsen da Nepomniachtchi sun buga taku 136 a wasa na shida na gasar zakaran duniya a Dubai a 2021, kusan awa takwas, kafin Carlsen ya ci, ba wanda ya ce masa lokaci ya yi a tashi. Kafin a fara gasar taku ka tambayi masu shiryawa a gaban kowa da wace doka za a yi, kada sai rigima ta taso.

Kuma don Allah ka rage kallon bidiyoyin nan na yadda za ka ci kowa a taku huɗu. Masu yin su kallo suke nema, tarko ne da ke kama wanda bai iya ba sau ɗaya, gobe ya gane ya toshe, kai kuma ka tashi ba ka ƙaru da komai ba sai fito da sarauniya da wuri ana kora ta. Capablanca ɗan ƙasar Kuba, zakaran duniya daga 1921 zuwa 1927, shawararsa ga mai koyo ita ce ya fara da ƙarshen wasa kafin komai, mu kuma yaranmu sun haddace sunayen buɗe wasa goma amma a ba su sarki da ruk su kama sarki kaɗai sai gumi. Ba ka da uzuri ma yanzu, duk wani tsari da kayan da ke allo ba su wuce bakwai ba kwamfuta ta riga ta warware shi gaba ɗaya, kuma a shafin ces na intanet mai suna Lichess kyauta ne, ka jera matsayin a allon nazari zai gaya maka wane taku ne ci wane ne canjaras. Tsakanin yau da gasar, kullum kafin ka buga da kowa ka jera sarki e1, soja e2, sarki e8 ka buga da kwamfuta har sai ka daina tunani a kai, sannan ka juya ka karɓi baƙi, ka ba kanka takun farko, ka koyi riƙe canjaras ɗin. In wannan ya zauna ka koma kan ruk. Ka kuma kira yayan naku ku jera tare ya gani da idonsa, don ba kai kaɗai yake koya wa ba.