Takalmin gudu marar kauri ya raba ni da ciwon gwiwa, ya haɗa ni da na ƙafa: in ci gaba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekarata 34, ina zaune a Arkilla cikin garin Sakkwato. Shekara biyu ke nan ina fita gudu bayan sallar asuba, kilomita 10 sau huɗu a mako, ta hanyar Wamakko. Gwiwata ta dama ta daɗe tana damuna. Na samu wani takalmi a gwanjo, ƙasansa falefale, kowane yatsa da gidansa, kamar safar hannu. Da na koma gudu da shi gwiwar ta lafa, amma bayan mako uku sai sha-raɓata ta ɗaure, agarata na ciwo in na sauko daga gado, yanzu kuma bayan ƙafata, daidai saman yatsa na biyu, ya ɗan kumbura. Ina so in shiga gudun fanfalaki na Legas a watan Fabrairu. Ni dai ba takalmi na tashi a ƙauye, kuma na ji Abebe Bikila, ɗan gudun nan na Habasha, shi ma ba takalmi ya ci gasa. In daure?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka daure. Ajiye gudun tukuna, da wannan takalmin da ma tsohon kambas ɗinka, har a duba wurin da ya kumbura.

Ɗaurewar sha-raɓa ba ta tayar mini da hankali ba, duk wanda ya sauya zuwa irin wannan takalmi yana gamuwa da ita. Kumburin bayan ƙafa ne abin dubawa. Sa yatsa ka danna kan ƙashin. Idan zafin a wuri ɗaya yake, wanda kan yatsa zai rufe, kuma ba ka iya yin tsalle da ƙafar ita kaɗai, to akwai yiwuwar ƙashin ya fara tsagewa saboda yawan bugu. Je asibiti, ko na koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko wani mai sashen ƙashi. Ka sani hoton ƙashi na farko yakan fito lafiya lau alhali tsagar tana nan, sai bayan mako biyu ko uku take bayyana. Idan ta tabbata, hutun mako 6 zuwa 8 ne yawanci. Wannan ba aikin ja da murza ba ne, kada ka bari a matsa maka wurin da sunan targaɗe.

To me ya faru? Kambas na gudu da aka saba, diddigensa ya fi gabansa tudu da kamar milimita 8 zuwa 12, ga katifa a ciki. Naka kuwa daga diddige har yatsu a shimfiɗe yake. Da katifa mutum yakan miƙa ƙafa gaba ya dira da diddige, bugun ya haura gwiwa. Ba katifa, dirar diddige tana da zafi, don haka jiki da kansa yake gajarta taku ya koma dira da gaban tafi. Shi ya sa gwiwarka ta samu sauƙi. Sai dai nauyin bai ɓace ba, sauke shi aka yi daga kan gwiwa aka ɗora wa sha-raɓa da agara da dogayen ƙasusuwa biyar na tsakiyar ƙafa. Kai kuwa rana ɗaya ka ɗora musu kilomita 40 a mako. Huhu da tsoka suna saurin sabo da sabon aiki, ƙashi da jijiya kuwa sai a hankali, watanni suke ɗauka.

An gwada wannan. A 2013 masu bincike a Jami'ar Brigham Young ta Amurka sun bi 'yan gudu da suka koma takalmin Vibram FiveFingers, irin naka mai gidajen yatsu, cikin mako 10. Da aka sa ƙafafunsu a na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki, 10 daga cikin 19 sun nuna alamun kumburi a cikin ƙashi. Kuma su a hankali aka ce su sauya, ba kwatsam irin naka ba. Binciken da ya fi yayata gudun ba takalmi, na Daniel Lieberman na Jami'ar Harvard a 2010, ya nuna cewa waɗanda suka saba gudu ba takalmi sun fi dira da gaban tafi, kuma bugun farko ya fi sauƙi. Bai ce sun fi kowa tsira daga rauni ba, 'yan talla ne suka ƙara wa miyar gishiri. A 2014 kamfanin Vibram ya amince ya biya dala miliyan 3.75 don a kashe ƙarar da masu saye suka kai kan alfanun lafiyar da ya yi ta talla, kodayake bai amsa laifi ba.

Maganar Bikila gaskiya ce. A gasar Olamfik ta Rum a 1960 ya cinye kilomita 42.195 ba takalmi cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16. Abin da masu ba da labarin suke tsallakewa shi ne, bayan shekara huɗu a Tokiyo ya sake cinyewa sanye da takalmi, cikin awa 2 da minti 12 da daƙiƙa 11. Gudun Rum ɗin ma da yamma aka fara, da dare aka gama. Manyan 'yan gudun Kenya da Habasha na yau kuwa takalma masu kaurin gaske suke sawa, har hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta ƙayyade kada kaurin ya wuce milimita 40 a gudun titi.

Batun tashi ba takalmi, nan ne yawancinmu muke yaudarar kanmu. Bafulatanin da ke bin shanu da takalmin roba, ko manomin da ke yini da takalmin taya, ƙafarsa ba ta taɓa barin aiki ba. Kai yaushe rabonka da yin kilomita ɗaya ƙafa a ƙasa? Yaron da ya buga ƙwallo a yashi nauyinsa bai kai rabin naka ba, kuma ba a kwalta ya buga ba.

Ban ce ka jefar da takalmin ba. Ina ganin amfaninsa, musamman ga mai ciwon gwiwa, kuma yana ƙarfafa ƙananan tsokokin tafin ƙafa. Idan likita ya sallame ka, fara da yawo da shi a gida da unguwa mako biyu ko uku. Daga nan ka riƙa sa shi minti biyar a ƙarshen gudu, a ƙasa mai laushi ko a filin wasa na Giginya, kana tsallake rana. Ƙara kaɗan-kaɗan, kuma duk safiyar da ka tashi agara na ciwo, koma baya. Gajarta taku, ka saurari sautin ƙafarka: in tana faf-faf, dirar ta yi nauyi. Kada ka yi gudun ɗage, bar diddige ya taɓa ƙasa bayan gaban tafi. Kullum ka tsaya a bakin dakali da yatsu, ka ɗaga diddige ka sauke a hankali, sau 15, zagaye uku.

Sai abin da garinmu ya ƙara. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, kwalta kuma ta fi iska zafi nesa ba kusa ba, falefalen roba ba zai hana bororo ba. Tsaya a kan asubarka. A gefen hanya akwai tsidau da ƙayar aduwa da fasassun kwalabe, a hunturu ga faso, don haka ka duba tafinka bayan kowane gudu, ka shafa man kaɗanya a diddige. Mai ciwon suga wanda ƙafarsa ta fara mutuwa, shi kam wannan takalmi ba nasa ba ne sam.

Gudun Legas, in ƙashin ya warke da wuri kuma ka samu aƙalla wata uku na atisaye, ka je da kambas mai katifa wanda ƙafarka ta saba da shi. Gwiwar kuma a duba ta daban, don sau da yawa raunin tsokokin ƙugu da cinya ne asalin ciwonta, kuma motsa su yana gyara ta ba tare da an sauya takalmi ba. Allah ya ba da lafiya.