Amsa ga ɗana Bulus, a kan addu'a kafin kai ziyara

Ɗana Bulus, saƙonka ya iso ni nan Yelwa ta Bauchi lafiya. Ka ce tun da ka shiga ƙungiyar Waliyyi Vincent de Paul a cocinku na Gombe abu ɗaya ke ci maka tuwo a ƙwarya: ga buhun masara a ƙofa, ga masu yunwa suna jira, amma dattawa sai sun zauna addu'a da karatu tukuna. Kana tambaya ko wannan doka ce ko kuwa al'adar tsofaffi kawai.

Ai ba tsofaffi suka fara ba. Wanda ya kafa ƙungiyar a birnin Faris a 1833, Frederic Ozanam, ɗalibi ne ɗan shekara 20, bai ma kai ka ba. Shi da abokansa ne aka yi wa gori a wajen muhawara, aka ce su nuna aikin da bangaskiyarsu ke yi, shi ne suka shiga gidajen matalauta, wata Sista Rosalie tana nuna musu inda za su. Tun daga lokacin ake buɗe taro da addu'a, a karanta wani abu daga Linjila ko tarihin tsarkaka, a yi shiru kaɗan, sannan a zagaya da jaka kowa ya sa hannu a rufe, don kada mai naira ɗari ya ji kunyar mai dubu biyar.

Amfanin zaman nan kuwa, ni da kaina na koya, kuma da zafi. Ina saurayi aka ba ni mudu huɗu na dawa in kai wa wata gwauruwa. Abokin tafiyata ya makara, na ga ɓata lokaci ne, na tsallake addu'ar na tafi ni kaɗai. Na tarar da ita a tsakar gida da maƙwabta, na sauke kayan a gabansu, har da ɗaga murya cewa daga coci ne. Ta yi godiya kamar yadda ya kamata. Da yamma sai ga jikanta da dawar nan, ko ƙwaya ba a taɓa ba. Yunwa na cinta, Bulus, amma ba ta yarda a ci mutuncinta a kan mudu huɗu ba. Har yau idan na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

Da na zauna na ji Matiyu sura 25 a ranar, inda Ubangiji ya ce ya ji yunwa aka ba shi abinci, da na tuna gidan wa zan shiga. Wanda ya san Yesu ne a bayan labulen nan zai yi sallama, ya jira izini, ya zauna a tabarmar da aka shimfiɗa masa, ya saurara kafin ya buɗe jaka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wata ba hatsi take nema ba, kuɗin makarantar yaro ne, wata kuma wanda zai zauna da ita kawai. Tafiya biyu-biyu ma daga Luka sura 10 take, kuma tana kare sunanka da na matar da ka je wa. Waya kuwa ta zauna a aljihu. Hotunan nan da samari ke ɗorawa a Facebook suna riƙe da buhu ba sa burge ni ko kaɗan.

Amma kana da gaskiya a wuri ɗaya. Idan aka zo ana cewa wani na kwance rai a hannun Allah, ku tashi ko ba a kai ƙarshen addu'ar Ubanmu ba. Shi kansa Waliyyi Vincent ya koyar da cewa barin addu'a don mabukaci barin Allah ne saboda Allah. Buhun masara dai ba ya lalacewa cikin minti goma sha biyar.

Kuma kada ka tambayi addinin mutum kafin ka taimake shi, ƙa'idar ƙungiyar ke nan.

Ranar 27 ga Satumba idin Waliyyi Vincent ne, ranar da ya rasu a 1660. Idan ka samu hali ka zo Bauchi mu yi tare, innarka ma tana ta cigiyarka. Ka gaida mutanen gida.

Baffanka.