Wai ina ne Morishas ɗin nan, kuma yaya karatu yake a can?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Yarona ne wani ejan ya ce zai samar masa admishan a Morishas, ni kuma ko sunan ƙasar ban taɓa ji ba. Dan Allah ina take, ya yanayinsu yake, akwai musulmi, kuma makarantunsu na kirki ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana shi. Toh Morishas dai tsibiri ce a cikin Tekun Indiya, gabas da Madagaska, tsakaninta da gaɓar Afirka wajen kilomita 2,000 amma a lissafi ƙasar Afirka ce, tana cikin Tarayyar Afirka. Ƙarama ce sosai, tsawon babban tsibirin kamar kilomita 65 faɗinsa 45, mutanen duka wajen miliyan 1.2, babban birni Port Louis. Agogonsu yana gaban na Najeriya da awa 3, sai ki san lokacin kiran waya.

Yanayi kuma a juye yake da namu tunda suna kudu da ikwaita. Daga Nuwamba zuwa Afrilu shine lokacin zafi da ruwan sama, wato muna fama da hunturu a Disamba su suna zufa, sanyinsu kuma wajen Yuni zuwa Satumba. Zafin baya kai na Sakkwato ko Maiduguri, bakin teku yana wasa wajen digiri 30 ne amma da gumi. Abinda mutane basa sani shine tsibirin aman wuta ne ya yi shi, tsakiyarsa tudu ce mai tsawo, iska kuma daga kudu maso gabas take busowa da danshin teku, tana hawa tudun sai ta zubar da ruwa, shi yasa gari irin Curepipe kusan kullum cikin yayyafi da sanyi yake alhali Flic en Flac da ke yamma a bushe take da rana, kuma tsakaninsu tafiyar mota ce kaɗan. Kinga kenan kafin a haɗa masa kaya sai an san unguwar da zai zauna. Sai guguwar teku, tafi zuwa tsakanin Janairu da Maris, hukuma tana bada gargaɗi mataki 1 zuwa 4 ana rufe makarantu kowa ya zauna gida, kuma ba abin wasa bace, guguwar Belal ta Janairun 2024 sai da ruwa ya riƙa jan motoci a titunan Port Louis.

Maganar mutanensu sai an ɗan koma baya. Asali ba kowa a tsibirin, 'yan Holan suka zo a 1598, Faransawa suka karɓa a 1715 suka kawo bayi daga Afirka da Madagaska don noman rake, Ingila ta ƙwace a 1810, da aka hana bauta a 1835 sai aka shiga kwaso 'yan ƙwadago daga Indiya, jikokinsu ne mafi yawa a yau. Sun samu 'yanci ranar 12 ga Maris 1968. Shi yasa kusan rabin mutanen Hindu ne, kirista kusan kashi ɗaya cikin uku, musulmi wajen kashi 18 cikin 100, ga kuma 'yan asalin Sin kaɗan. Masallatai akwai, babban masallacin Juma'a na Port Louis tun shekarun 1850 yake, ƙaramar Sallah ranar hutu ce ta ƙasa kamar yadda Diwali da Kirsimeti suke, naman halal kuma ba wahala. Abu ɗaya ki gaya masa, alƙibla a can arewa take da ɗan karkata yamma, kar ya sauka ya kalli gabas yadda ya saba. Tuwo kam sai dai ya haƙura, shinkafar biriyani ce da taliya soyayya da wani fanke-fanken wake mai suna dholl puri da ake sayarwa a bakin titi da araha. A aji Turanci ake yi, jarida da talabijin yawanci Faransanci, a kasuwa da cikin bas kuma Kiriyol, yare ne da ya tsiro daga Faransanci.

Yanzu makarantu, nan ne nake so ki buɗe ido Hajiya. Ta gwamnati babba itace Jami'ar Morishas da ke Réduit, an kafa ta a 1965, jirgin ƙasa na cikin gari ma yana zuwa har can, akwai kuma jami'ar fasaha da Jami'ar Mascareignes. Sannan akwai rassan jami'o'in waje, Middlesex ta Ingila a wajen Flic en Flac, Curtin ta Ostiraliya a Moka, banda rassan kuma ga kwalejin African Leadership a Pamplemousses wadda Fred Swaniker ɗan Gana ya buɗe a 2015, su rassan digirinsu na waje ne amma kuɗin bai kai na zaman Landan ba. In likitanci ne akwai kwalejin SSR a Belle Rive, sai dai in ya gama ya dawo dole ya zauna jarrabawar hukumar likitoci ta Najeriya kafin a bashi lasisi.

Banda waɗannan akwai ƙananan kwalejoji masu zaman kansu birjik, kuma gaskiya nan ejan suka fi tura yara. Ki sa ya baki cikakken sunan makarantar da kwas ɗin, a duba ko hukumar ilimi mai zurfi ta Morishas ta yi musu rajista, a kuma tambaya wace jami'a ce zata bada takardar a ƙarshe, digiri ne ko difloma. In ya ce miki karatu kyauta ne, eh gwamnati ta yafe kuɗin digirin farko a jami'o'inta tun 2019 amma na 'yan ƙasa ne, baƙo biya yake sai in ya samu tallafin da gwamnatinsu ke ba ɗaliban Afirka. In kuma ya ce yaro zai yi aiki ya riƙe kansa, doka awa 20 a sati ta yarda, kuma ƙasa ce da kusan komai shigo da shi ake yi, wannan ba zai biya haya da kuɗin makaranta ba. Kuɗin rajista kuma a tura asusun makarantar kai tsaye bayan takardar admishan ta zo daga imel ɗinsu, kar a ba ejan a hannu.