Amsa ga mai tambaya kan lissafin FROG da ke sauya siffa

Ɗan'uwa, ka ce kana auna walƙiyar lesar titaniyam-safaya da na'urar FROG, wadda ke gano siffar gajeriyar walƙiyar haske, amma duk lokacin da ka sake kunna lissafin sai ya fitar maka da wata siffa daban, kana tambaya ko ka sauya algoridim, wato matakan lissafin da kwamfuta ke bi. Na sha fama da wannan, kuma shawarata ita ce ka fara tuhumar hoton da ka ɗauka kafin ka tuhumi lissafin.

Muna dogara da lissafi ne saboda babu na'urar lantarki da za ta iya bin abin da ke wucewa cikin femtosakan 30 (femtosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan sau biliyan na sakan). Dabarar da Rick Trebino da Daniel Kane suka fito da ita a farkon shekarun 1990 ita ce a raba walƙiyar gida biyu, a jinkirta ɗaya, a haɗa su cikin kiristal, sannan a ɗauki launukan hasken da ya fito a kowane jinkiri. Algoridim yakan fara da zato, ya lissafa hoton da zaton zai haifar, ya kwatanta da na gaske, ya gyara, ya sake. To idan hoton da ka ba shi gurɓatacce ne, wanda babu walƙiyar da za ta iya haifar da irinsa, dole kowane gwaji ya tsaya a wani wuri daban.

Ni kaina na ɓata makonni ina ƙara yawan zagayen lissafi, ashe kiristal ɗin da nake haɗa walƙiyoyin a cikinsa (BBO) ne ya yi kauri, yana yanke gefen launukan. Abin da ya tona matsalar shi ne tara hasken kowane launi na hoton a kan dukkan jinkirin, da kwatanta sakamakon da abin da launukan asali na nanomita 800 suka nuna ya kamata a gani a wajen nanomita 400 (nanomita ma'aunin tsawon zangon haske ne, kuma kiristal ɗin kan ninka mitar hasken, ya mayar da 800 zuwa 400). Ka yi wannan gwajin tukuna. Ka kuma cire hasken da kyamara ke gani in an toshe lesar, ka tabbata hoton ya sauka zuwa sifili a dukkan gefunansa huɗu.

Akwai kuma bambancin da ba kuskure ba ne. A FROG mai ninka mitar haske, walƙiya da juyayyiyarta a lokaci hoto ɗaya suke bayarwa, don haka idan siffofinka biyu kamar abu ne da hotonsa a madubi, ka sanya gilashin da ka san kaurinsa a hanyar hasken, ka sake aunawa, zai nuna maka wacce ce ta gaskiya.

Sai bayan wannan maganar algoridim ke da amfani. Algoridim ɗin PCGPA na Kane yana da sauri, amma yakan maƙale idan hayaniya, wato ɗigon da ba na walƙiyar ba, ta yi yawa a hoton. Na fi natsuwa da algoridim ɗin COPRA, wanda Nils Geib da abokan aikinsa a birnin Jena na Jamus suka wallafa a 2019, domin ya fi jure hayaniya. Kowanne ka zaɓa, ka fara shi daga zato daban-daban kamar sau ashirin, kuma kada ƙanƙantar adadin kuskure ta ruɗe ka: ka cire hoton lissafi daga na aunawa, ka duba ragowar. Idan ragowar tana da tsari a maimakon watsattsen ɗigo, wataƙila lesar ce ba ta maimaita walƙiya iri ɗaya. Ka turo mana wannan hoton ragowar tare da kaurin kiristal ɗinka mu duba.