In ɗaure kaina da igiya a jirgi kafin mu shiga kogin Zambezi?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗan Aboabo ne a Kumasi. A tafkin Bosomtwi na koyi tuƙa kwale-kwale, na kuma taɓa shiga ruwan mataki na 3 (a ma'aunin haɗarin ruwa mai gudu, daga 1 zuwa 6) a Jinja ta ƙasar Uganda. A watan Satumba za mu je Zambezi, mu bi kogin a jirgin roba. Abin da ke hana ni barci shi ne jirgi ya kife, ruwa ya raba ni da shi. Wani da ke sayar mana da kayan ruwa ya ce in ɗaura igiya a ƙugu in haɗa da jirgin. Yana da kyau?

Amsa: Ɗan'uwa, don Allah kada ka yi. Tsoronka yana kan hanya, domin kwazazzabon Batoka da ke ƙasan gangaren ruwa na Biktoriya ruwan mataki na 5 ne, kifewar jirgin roba a can ba baƙon abu ba ce. Amma maganin da aka ba ka ya fi ciwon muni.

Mita ɗaya ta ruwa, tsawo da faɗi da zurfi, nauyinta kilo 1,000 ne, kuma a guje yake zuwa. Muddin kana tafiya tare da shi, rigar ruwa mai hana nitsewa za ta maido ka sama. Da zarar wani abu ya tsayar da kai, duk nauyin nan a kanka zai sauka. Igiyar ƙugu na miƙewa sai ta lanƙwasa ka biyu, fuska ta shige ƙasa, ruwa ya riƙa bi ta kanka. Ƙullin da ka yi da hannunka a bakin gaɓa ba zai kwance ba idan ya ɗau nauyi, ko ƙato ne kai. Idan kuma jirgin ya maƙale a ramin da ruwa ke juyowa baya, yana birgima kana birgima, igiyar tana naɗe wuya ko ƙafa. Ba a ma yi maganar ta sarƙe a tsagin dutse ba. Kullum muna jin wannan shawara daga bakin mutanen da ba su taɓa wuce ruwan tafki ba, kuma abin yana ƙona rai, domin yara suna ɗauka da gaske. Wasu kan ce ai masu ceto ma suna ɗaura igiya. Tasu a gadon baya take, a jikin ɗamarar da ake saki da ja ɗaya, akwai masu riƙe ta a tudu, da wuƙa a ƙirji, kuma sai da aka horar da su.

Idan ka faɗa, ka kama igiyar da ta zagaye gefen jirgin da hannu kawai, yadda za ka iya saki. In ta kuɓuce, kwanta rigingine, ƙafafu gaba, yatsu a saman ruwa. Kada ka yi ƙoƙarin miƙewa tsaye sai ruwa ya lafa, domin ƙafa kan maƙale tsakanin duwatsu ruwa ya kifar da mutum ko da bai kai ƙugu ba. Ja numfashi a kwarin da ke tsakanin raƙuman ruwa, ka rufe baki kafin na gaba ya buge ka. In ramin ya riƙe ka, dunƙule jikinka, ruwan ƙasa zai fitar da kai.

Idan aka jefo maka igiyar ceto, kama igiyar, ba jakar da take ciki ba. Ɗora ta a kafaɗa kana rigingine, kada ka naɗa ta a hannu.

Kafin ku tashi, ka sa wani ya kama kafaɗun rigarka ya ɗaga da ƙarfi. In ta haura zuwa kunnuwa, a ƙara matse ta. Hular kwano ta rufe goshi. Sannan ka tambayi masu jirgin: 'yan kwale-kwalen ceto nawa ne za su raka ku, kuma a wace gangara ake sauka a zagaya ta tudu.