Jirgi Ya Harbo Ɗan'uwansa: Me Bahaushe Zai Ce?

Daga wani mai karatu a Fagge: Malam, na ji an ce "wutar abota" ta kayar da jirgin yaƙi, wato nasu ne suka harbo shi. Hausa ce wannan?

Ba Hausa ba ce. Wani ne ya ɗauki kalmomi biyu na Turanci ya sa musu babbar riga, ya turo su gidan rediyo. In ka ce wa tsohuwa a Kurmi "wutar abota", za ta zaci garwashi maƙwabciya ta sam mata. Bahaushe yana da abin da yake faɗa tun kafin a ƙera jirgi: dara ta ci gida.

Wanda ya taɓa tsugunawa gindin bishiya ya san ramukan dara talatin ne, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, in ka jera uku sai ka ci na abokin karawarka. Wasan kacokan an gina shi ne a kan cin na waje. Ranar da ɓarnar ta faɗa kan naka, dara ta ci gida.

Ranar 6 ga Satumba 1939, kwana uku kacal da Ingila ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, jiragenta ƙirar Spitfire suka tashi neman Jamusawa, suka harbo jirage biyu ƙirar Hurricane. Duk na Ingila ne, babu Bajamushe ko ɗaya a sararin. Matuƙi ɗaya ya mutu, shi ne kuma matuƙin jirgin faɗa na farko da ƙasar ta rasa a yaƙin. An kai waɗanda suka yi harbin kotun soja, aka wanke su. Irin waɗannan Hurricane ɗin, af, sun yi ta sauka a filin jirgin Kano daga 1940, ana haɗa su a Takoradi da ke gaɓar tekun Gana a bi da su ta nan zuwa Masar.

Na ga wasu suna rubuta "ƙaiƙayi koma kan masheƙiya" a nan, abin yana ci mini rai. Ƙaiƙayi na wanda ya ƙulla sharri ne ya dawo masa. Matuƙin da aka harbo me ya ƙulla? Haka "reshe ya juye da mujiya", wannan na mai nema ne da ya koma abin nema. Karin magana ba gishiri ba ne da za a barbaɗa a kowace miya.

In dalilin ɓarnar kake son nunawa, ga "kama da wane ba wane ba". A Nuwamba 1944, kusa da garin Nish na Yugoslabiya, jiragen Amurka suka far wa ayarin sojan Tarayyar Sobiyet suna zaton Jamusawa ne, jiragen Sobiyet suka taso, aka gwabza, jirage suka faɗi ta kowane ɓangare. Gudun irin haka ne ya sa a 1942 Amurka ta goge jan ɗigon da ke tsakiyar tambarin jiragenta, don daga nesa ya yi kama da jar ranar da ke jikin jiragen Japan. A Yuni 1944 kuma, da za a tsallaka teku zuwa Faransa, aka zane fukafukan jiragen ƙawance da ratsin fari da baƙi. Mu da muka gaji aska da zube mun san amfanin shaida.

Wata malama daga Gwammaja: Me ya sa ake cewa ƙasashen "ƙawance", alhali sojoji maza ne?

Ƙasa mace ce a nahawu, mace kuwa ƙawa take yi.

Wani ɗalibi daga Ɗorayi: "Harbe", "harbo" da "kakkaɓo", ɗaya ne?

A'a. Wasalin "o" yana jawo aiki zuwa inda mai magana yake, kamar saya da sayo. An harbe mutum, an harbo jirgi, tunda ƙasa zai faɗo inda muke. "Kakkaɓo" ta 'yan jarida ce, daga kaɓar mangwaro, tana da ɗanɗanon murna. Kada ka yi amfani da ita in naku ne ya faɗo.

Daga Kurna: Za a iya cewa "tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa"?

A wajen sulhu bayan abin ya faru, ƙwarai. A wajen ba da labarin, ya yi sauƙi da yawa. Ranar 14 ga Afrilu 1994 jiragen F-15 biyu na Amurka suka harbo jirage masu saukar ungulu biyu na Amurka a arewacin Iraƙi, mutum 26 suka mutu. Wannan ya wuce cizon harshe.

Daga Sharaɗa: Irin wannan harbin, kuskure ne ko ganganci?

Masu fiƙihu sun raba kisan kuskure da kisan ganganci, kuma ko na kuskuren akwai diyya. Kalmar da masu tambaya suke mantawa ita ce ta uku, sakaci.