Furen nan mai zanen murabba'i na gaske ne, amma ba zai yi a Yamai ba

Malama, kin tambaya ko furen da kika gani a Facebook mai zanen murabba'i ƙanana aikin kwamfuta ne, kuma ko za ki iya shuka shi a gidanki na Yamai. Na gaske ne. Sunansa Fritillaria meleagris, ɗan dangin lili, yana fitowa a fadamun Turai, har da Ingila da Faransa, wajen watan Afrilu.

Ki duba hoton da kyau. Furen yana sunkuyar da kai ƙasa, ganyen furen guda 6 ne, kuma zanen ja mai duhu ne da fari-fari a jere, kamar jikin zabo. Murabba'in ba su cika daidaita ba, wasu sun ɗan karkace, wasu sun shige cikin juna. Ganyensa siriri ne, tsayin shukar yawanci ba ya wuce santimita 40. Akwai ma farinsa, wanda zanen bai fito sosai ba.

Batun shukawa kuwa, kada ki ɓata kuɗinki. Kwansa na ƙarƙashin ƙasa sai ya sha sanyin hunturun Turai cikin ƙasa mai laima kafin ya tsiro, mu kuma Afrilunmu zafi kan haura digiri 40. Ga shi kwan yana da guba, ga yara a gida.

In kwalliyar tsakar gida kike so, nemi shukar da ake kira kariya wurin masu sayar da furanni, tana jure rana da ƙishirwa, sai dai ita ma ruwanta guba ne. Don gane wata shuka nan gaba, ɗauki hoton furen da ganyen daban-daban ki sa a manhajar Pl@ntNet.